Zauren Masu Karatu: Idan Gidajen Tarihi Za Su Haɗe, Kayan Na Wane Ne?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan, yawancinsu daga Legas, sun karkata ga magana ɗaya, wato ƙananan ɗakunan adana kayan tarihi da ƙungiyoyin Hausawa da wasu zuri'o'i ke riƙe da su a unguwanni, da shawarar da ake ta juyawa ta a haɗa su wuri guda. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta jikokin fataken goro a Agege. Muna da ɗaki ɗaya a saman wani shago inda muka tara abin da kakanninmu suka bari, akwai littattafan lissafi da wasiƙun ajami, da rasitan jirgin ƙasa, da tsofaffin hotuna da 'yan riguna. Kuɗin haya ya fi ƙarfinmu, danshi kuma yana cin takardun. Akwai masu irin ɗakinmu a Idi-Araba, akwai kuma zuri'ar tsofaffin sojoji a Obalende da ke da nasu kayan. Matasanmu sun ce a rushe ƙungiyoyin uku a kafa gidan tarihi guda, dattawa kuma sun ce ba za su miƙa gadon iyayensu ga baƙin hannu ba. Wa ke kan daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Matasanku sun gane cutar, dattawanku kuma suna da hujjar jin tsoron maganin, abin da ya hana ku daidaitawa kuwa shi ne kowane ɓangare ya ɗauka haɗewa hanya ɗaya ce tak, alhali hawa-hawa ce. Mafi sauƙi shi ne kowace ƙungiya ta zauna da sunanta da ɗakinta da shugabanninta, sai ku rubuta yarjejeniya a kan 'yan ayyukan da za ku riƙa yi tare, kamar sayen akwatunan ajiya ko shirya baje kolin shekara. Mafi nauyi shi ne wanda matasanku ke nufi, ƙungiyoyin su narke su zama ɗaya, da suna ɗaya da asusu ɗaya, kayan kowa su koma mallakar sabuwar ƙungiyar. A tsakaninsu akwai wanda na fi so ku duba da idon basira, domin shi ne ba a cika ambata ba idan ana wannan gardama: a kafa kwamitin gudanarwa guda ɗaya wanda zai ɗauki ma'aikaci, ya riƙe kuɗi, ya kula da kayan, amma mallakar kowane abu ta tsaya a hannun mai shi na asali.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a gidanku. Falke yakan sauka gidan fatoma, ya jibge huhunan goronsa a ɗakin ajiya, fatoma ya nemo masa dillali, ya tsaya masa wajen karɓar bashi, ya ci ladarsa, amma ko ƙwarya ɗaya ba ta zama tasa ba don ta kwana a gidansa. Idan kuka zauna da dattawan, ku fara musu bayani daga nan.

A nan Legas ma akwai misali a Ebute Metta. Gidan Jaekel, wanda aka gina a 1898 a cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, ginin hukumar ne, amma ƙungiyar sa-kai ta Legacy ce ta gyara shi tare da hukumar, take kuma gudanar da ƙaramin gidan tarihin da ke ciki. A Ingila, garuruwan Colchester da Ipswich, waɗanda ma ba lardinsu ɗaya ba, sun haɗa ma'aikatan gidajen tarihinsu a 2007 ƙarƙashin kwamitin haɗin gwiwa, kowace ƙaramar hukuma kuma ta ci gaba da mallakar gine-ginenta da kayanta.

Misalin da ya fi kusa da halinku kuwa na Timbuktu ne a ƙasar Mali. Dubban rubuce-rubucen hannu na garin a gidajen zuri'o'i suke, kuma iyalan sun daɗe suna ɗari-ɗari da miƙa su ga cibiyar Ahmad Baba ta gwamnati, saboda irin dalilin da dattawanku suka kawo. A 1996 aka kafa ƙungiyar SAVAMA, wadda Abdulƙadir Haidara ya jagoranta, ta tattaro ɗakunan karatun iyalai ƙarƙashin inuwa ɗaya ba tare da ta karɓe littafin kowa ba. Tare suka nemi tallafi, tare suka koyi gyaran takarda da rubuta kundin abin da kowa ke da shi. Da 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali a 2012, wannan sanayya da yarda da aka shekara 16 ana ginawa ce ta sa aka iya kwashe littattafan a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, wasu ta mota wasu ta kwalekwale a kogin Kwara, har zuwa Bamako, yayin da kimanin rubuce-rubuce 4,000 da suka rage a cibiyar Ahmad Baba suka salwanta a watan Janairun 2013. Akwai kuma darasin da ya shafe ku kai tsaye: da littattafan suka isa Bamako, sabon abokin gabarsu shi ne danshi, domin takardar da ta yi ƙarnuka a busasshiyar iskar bakin hamada ba ta jure laima. Wasiƙun ajamin da ke hannunku, waɗanda da yawansu daga Arewa aka aiko su, a bakin teku suke kwana, inda funfuna da gara da tsatsa ba sa hutawa rani da damina.

Ina jan hankalin matasanku a kan abu ɗaya. Haɗewa ba ta rage kashe kuɗi a shekarun farko, ƙara shi ma take yi, saboda akwai kuɗin lauya da na rajista, da na kwashe kaya, da na kantoci da akwatuna. Ribarta tana wani wuri. Ƙungiyoyi uku da kowace ba ta iya biyan ko rabin albashi za su iya ɗaukar mutum ɗaya da ya san aikin, su sayi na'urar tsotse danshi ɗaya, su kuma tunkari masu ba da tallafi da takardar rajista ɗaya da lissafin kuɗi ɗaya da aka bincika. Akwai kuma asarar da ba a ganin ta a takarda. Dattijon da ke hawa benen nan kowace la'asar yana gaya wa baƙi wane ne a cikin kowane hoto ba zai riƙa ratsa cunkoson motoci daga Agege zuwa Obalende ba, kuma ranar da ya daina zuwa, hotunan sun zama fuskokin da ba wanda ya san su.

Duk da haka ina ganin ɗakunan nan uku labari ɗaya suke bayarwa, kuma ya cancanci a ji shi a haɗe. Rundunar sojan Najeriya da kanta tana fara ƙirga tarihinta daga 1863, lokacin da John Glover ya tara mutum 18 a Legas waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Hanyar dogo da ta tashi daga Legas ta isa Ibadan a 1901, jirgin ƙasa ya shiga Kano a 1911, goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa, zango-zango suka cika. Mai lambar yabon soja a Obalende da mai rasitin jirgi a Agege shafuka ne na littafi guda. Shawarata ita ce ku ƙulla yarjejeniyar shekara uku, ku fara da ƙidayar kaya, ku kama ɗakin ajiya ɗaya busasshe, wanda ba a ƙasan bene yake ba saboda ambaliya, ku kai masa asalin takardun, kowace unguwa kuma ta riƙe wurin nuninta da kwafi da hotuna. Idan shekara ukun ta cika kun ga kamun ludayin juna, sai a yi maganar mataki na gaba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifina, kafin rasuwarsa, ya kai Alƙur'ani rubutun hannu na kakansa, da alkyabba da takobi, ɗakin tarihin unguwarmu a Idi-Araba, yau kusan shekara 30 ke nan. Ba a rubuta komai ba. Yanzu da ake zancen haɗewa, kayan nan namu ne ko na ƙungiya? Yayyena maza sun ce mu je mu kwaso su. Daga wata Hajiya.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa abin da ya bari ya zama sadaka mai gudana. Tambayarki ita ce gindin wannan magana duka, kuma a kanta ne yawancin shirye-shiryen haɗewa ke cijewa.

Amsar tana rataye ne a kan niyyar da marigayin ya kai kayan da ita, kuma fiƙihunmu ya riga ya bambance waɗannan niyyoyi tun kafin a san wani abu wai shi gidan tarihi. Idan kyauta ya yi, aka kuma karɓa aka riƙe tun yana raye, kayan sun fita daga dukiyarsa, magada ba su da hakki a kai. Idan aro ya bayar don a nuna wa jama'a, ko ajiya ya kai don ya ga ɗakin ya fi gidansa tsaro, to kayan suna cikin gado, amana ce a hannun ƙungiya, kuma ba ta da ikon shigar da su cikin wata sabuwar ƙungiya sai da yardar masu su. Idan kuwa wakafi ya yi, ba a sayarwa, ba a gada, ba a kuma karkatar da shi daga manufar da ya ambata. Tun da babu takarda, shaidu ne za su raba gardama, don haka abin gaggawa shi ne ku nemi dattawan da suke wurin ranar da ya kai kayan, a ji ta bakinsu a gaban malamin da ya san gado, a rubuta, su sa hannu. Bayan shekara 30 ba su da yawa, kada ku bari wata damina ta wuce.

Ki lura da wani abu kuma. Idan ta tabbata kayan gado ne, na dukkan magada ne, maza da mata, kowa da rabonsa, don haka yayyenki ba su da ikon yanke hukunci su kaɗai, ko na kwasowa ko na barin su, sai an ji ta bakinki da na 'yan'uwanki mata.

Ni dai ba na ba ku shawarar ku kwaso su. Alƙur'ani ɗaya da takobi ɗaya ba sa rabuwa tsakanin magada da yawa, kuma abin da aka saba gani shi ne su ƙare a ƙarƙashin gadon ɗaya daga cikinku, asu ya ci alkyabbar, warƙoƙin su tarwatse daga gafakarsu, jikoki kuma su tashi ba su san akwai su ba. Abin da ya fi shi ne ku mayar da maganar baki ta zama rubutacciyar yarjejeniyar aro ta shekara 5 ko 10 wadda ake sabuntawa, a rubuta a ciki cewa kayan na zuri'ar wane ne, sunansa zai kasance a jikin kowane, ba za a fitar da su daga Legas ko a ba wani aro ba sai da izininku, kuma idan ɗakin ya rufe za su dawo hannunku. Kuna da damar sa sharuɗɗan da suka dace da darajar kayan, misali kada a taɓa Alƙur'anin sai da tsarki, kada a ajiye shi ƙasa-ƙasa, a kuma bar ku ku ɗauki alkyabbar idan an yi naɗi a gidanku ku dawo da ita. Idan kuma zuciyarku ta fi kwanciya da wakafi, malaman Malikiyya sun halatta a yi shi na ƙayyadadden lokaci, sai ku tambayi malaminku yadda za a tsara lafazin.

Akwai dokar ƙasa da ya kamata yayyenki su sani. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sanya kayan fasaha da na sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana sayar da su ga wanda ba hukumar ta amince da shi ba, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba tare da takardar izini ba. Alƙur'anin kakan mahaifinki zai yi wuya bai shiga wannan aji ba, saboda haka duk dillalin da ya zo da tayin dala, laifi yake gayyatar ku.

Ga ƙungiyoyin kuma ina cewa kada a sa hannu a kan kowace irin haɗewa sai kowane abu ya samu lamba, da hoto, da awo, da bayanin tabo ko alamar da ke jikinsa, da sunan wanda ya kawo shi da sharaɗin da ya kawo shi a kai. Aiki ne mai cin rai, amma ko a matakin ƙasa wannan tambayar ce ke tsayar da al'amura: kayan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897 sun fara dawowa, sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa a watan Maris na 2023 cewa Oba na Benin ne mai su, sannan aka shiga doguwar tattaunawa a kan wanda zai kula da su da inda za a ajiye su.

Tambaya: Baba Malam, ni ɗalibi ne, ina taimaka wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da rubuce-rubuce. Shin dokar Najeriya ma ta yarda ƙungiyoyi irin namu su haɗe? Tamu ko rajista ba ta da ita.

Amsa: Ɗana, ta yarda. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta ce a sashe na 849 ƙungiyoyi biyu ko fiye masu manufofi iri ɗaya suna iya haɗewa bisa sharuɗɗan da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ta gindaya. Amma wannan ya shafi masu rajistar amintattu ne. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya mallakar komai da sunanta, hayar ɗakinta da asusunta suna kan sunan wani mutum ne, kuma ranar da ya kwanta dama 'ya'yansa suna iya ɗauka duk na mahaifinsu ne. Don haka rajista ce farkon aikinku, ko za ku haɗe ko ba za ku haɗe ba. Za a nemi tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, da sunayen amintattu, da sanarwa a jaridu biyu, a kuma jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, bayan haka akwai rahoton da ake miƙa wa hukumar kowace shekara.

Abin da nake so ka karanta wa dattawanku a hankali shi ne hukuncin rushewa. Idan ƙungiya mai rajista ta rushe, abin da ya rage na dukiyarta bayan biyan bashi ba a raba wa mambobi, ana miƙa shi ne ga wata ƙungiya mai irin manufarta. Ma'ana, duk abin da aka rubuta a matsayin mallakar ƙungiya ya bar gidan mai shi har abada, abin da aka rubuta a matsayin aro ne kawai ke komawa. Wannan tanadi yana kare kayan daga wawaso, kuma shi ne dalilin da ya sa dole kowace zuri'a ta zaɓi matsayin kayanta da saninta. Kafin a haɗe kuma kowane ɓangare ya buɗe littafinsa, a ga bashin haya ko na wani ɗan kwangila da ke kansa, domin sabuwar ƙungiya za ta gaji bashin kamar yadda za ta gaji kayan. Ku sa lauyan da ya saba da rajistar ƙungiyoyi ya duba takardunku kafin ku miƙa.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Obalende, mahaifina soja ne, kakana ma soja ne. Mu ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, 'yan fansho ne yawancinmu, su kuwa 'yan kasuwa ne masu hali. Idan aka haɗu, mai kuɗi ne zai yi magana. Ta yaya za a raba kujeru ba a haɗiye mu ba? Kuma wane matsayi za a ba sarakunanmu?

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba Alhaji, tsoronka yana kan hanya, kuma maganinsa a rubuta shi tun ana ganin mutuncin juna, domin Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

A Afirka ta Kudu an ga hanyoyi biyu a gari ɗaya, wato shiga inuwar babba da zama da gashin kai. A 1999 gwamnati ta haɗa manyan gidajen tarihin Cape Town ƙarƙashin hukuma ɗaya da yanzu ake kira Iziko, ƙaramin gidan tarihin Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi, ya shiga ciki, ya samu ma'aikata da kasafin gwamnati, amma majalisar da ke yanke hukunci a kansa minista ne ke naɗa ta. Gidan tarihin District Six kuwa, wanda aka buɗe a 1994 don tunawa da mutum fiye da 60,000 da mulkin wariyar launin fata ya tasa daga unguwarsu, ya zauna da gashin kansa, tsofaffin mazauna unguwar ne ke zagayawa da baƙi suna ba da labarinsu da bakinsu, amma da annobar korona ta hana baƙi zuwa a 2020 sai da ya fito neman taimakon jama'a don kada ya rufe. Kowace hanya da kuɗinta. Abin da kuke nema shi ne inuwar babba ba tare da kun rasa bakin magana ba, kuma ana samun haka idan aka raba abu biyu da mutane ke yawan haɗawa, wato gudummawa da ƙuri'a.

Gudummawar kuɗi ta bi ƙarfin kowa, kujeru kuwa a raba daidai, kowace ƙungiya da ta kafa tafiyar ta samu adadi ɗaya, ko biyu-biyu ko uku-uku. A ƙara kujeru biyu ko uku na mutanen da ba na kowane ɓangare ba, masanin tarihi ko adana takardu, da akanta, waɗanda za a zaɓa da yardar kowa. A tabbatar akwai mata a ciki, domin a gidaje da yawa su ne suka adana kayan nan a adaka shekara da shekaru, su ne kuma suka san wace riga ta wane ce. Shugabanci ya riƙa zagayawa duk shekara biyu. Harkokin yau da kullum a yanke su da rinjaye, amma a ware 'yan batutuwa masu nauyi, kamar rufe ɗakin wata unguwa, ko ɗauke kayanta, ko canza suna, ko cin bashi, a ce ba za su wuce ba sai ƙungiyar da abin ya shafa ta yarda. Wannan ikon hawa kujerar na-ƙi shi ne garkuwar ƙarami, sai dai a taƙaita shi ga waɗannan batutuwa kaɗai, in ba haka ba ko sayen kwan fitila zai gagara. A rubuta hanyar fita ma, wato duk wanda ya ga tafiyar ba ta karɓe shi ba ya ba da sanarwar shekara ɗaya ya janye da kayansa. Mutane suna ganin kamar fatan tsiya ne a rubuta rabuwa ranar ɗaurin aure, ni kuwa na ga wanda ya san ƙofa a buɗe take ya fi sakin jiki ya zauna. Sunan Obalende kuma ya tsaya a ƙofar ɗakinku, sunan haɗaka ya zo a ƙarƙashinsa.

Game da sarakunan Hausawa na unguwanni, matsayinsu shi ne iyayen ƙungiya. Su ne za su buɗe muku ƙofar gwamnati da ta masu hali, su ne kuma za a kai wa ƙara idan an saɓa kafin a je kotu. Amma kada a sa su cikin masu sa hannu a asusu ko masu gudanar da aikin kullum, kuma girmamawa ce ta sa na faɗi haka, domin ma'aji dole a tambaye shi rasit, kuma babu ɗan unguwar da zai iya tsayawa gaban Sarki ya tambaye shi rasit. Wannan kuma zai hana duk wata takaddamar sarauta, idan ta taso, ta shafi kayan tarihi.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce, ina cikin kwamitin ɗaya daga cikin ɗakunan. Me zai hana mu huta da wannan wahala mu miƙa komai ga gidan tarihin gwamnati da ke Onikan?

Amsa: Malama, gidan tarihin ƙasa na Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957, wuri ne mai daraja da ƙwararrun ma'aikata, kuma duk ɗalibin da kika kai can ya tsaya gaban motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 ba zai manta ba. Amma aikinsa ba da labarin ƙasa ne baki ɗaya, abin da ke ɗakunan ajiyarsa ya ninka abin da ke wurin nuni sau da yawa, kuma littafin lissafin wani falke na Agege zai fi yiwuwa ya kwanta a akwati da lamba a jikinsa, a tsare amma ba mai ganin sa. Hukumar da ke riƙe da gidan ma ta shiga nata zancen haɗewar, domin a watan Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za a haɗa ta da hukumar adana zane-zane ta ƙasa, bisa rahoton da kwamitin Oronsaye ya bayar a 2012 kan rage yawan hukumomin gwamnati.

Ki duba Badagry. Gidan tarihin gwamnatin jiha yana cikin tsohon ofishin mulkin mallaka na 1863, kusa da shi akwai na zuri'ar Mobee da na gidan Seriki Williams Abass, inda iyalai ke nuna abin da ya rage na zamanin cinikin bayi, baƙo kuma yakan zaga su duka a yini ɗaya. Na gwamnati bai haɗiye na iyalai ba, kowanne yana kawo wa ɗan'uwansa baƙi.

Abin da ya dace ku nema daga gwamnati shi ne ƙwarewa da amincewa. Dokar 1979 ta ba hukumar ikon amincewa da gidan tarihi mai zaman kansa, kuma wannan shaida tana da amfani wajen neman tallafi. Ku roƙi a turo muku jami'in da zai duba yanayin ɗakin ajiyarku ya koya wa matasa biyu ko uku yadda ake riƙe tsohuwar takarda. Don karanta wasiƙun ajami da tsara kundinsu, ku tuntuɓi Gidan Arewa da ke Kaduna, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970, inda aka daɗe ana wannan aiki. Idan kundinku ya kammala, kuna iya ba Onikan aron wasu kaya na wata uku ko shida don a yi baje koli a kan tarihin Hausawa a Ikko, wato Legas, da takardar aro mai ranar dawowa. Ranar da za ku je ganin su, ku tafi da kundin da hotunan da kwafin yarjejeniyarku, kayan kansu kuma ku bar su a ɗaki sai an sa hannu.